Yaya Sanda da ƙwan zabin Bungudu, shekara goma bayan rasuwarsa

Daminar bana ta cika shekara goma da rasuwar yayana Umaru Sanda, wanda mutanen Bungudu suka fi sani da Sanda Mai-tsaki. Ya rasu a Tsafe, a wani ɗaki da surukansa suka ara masa, nesa da gidan da mahaifinmu ya bar mana, nesa kuma da mutanen da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa hidima. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ji zuciyata ta yi zafi, in ajiye. Bana na ce ko da zafin zan rubuta. Waɗanda suka san abin da ya faru suna ta raguwa, waɗanda suka rage kuma sun fi son a yi shiru.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Mahaifinmu ya rasu ina aji biyu na firamare, saboda haka Yaya ne ya riƙe ni, shi ya kai ni makarantar kwana, shi ya tsaya har na zama malamar makaranta a Gusau, shi kuma ya aurar da ni. A lokacin samartakarsa ya yi aiki a wata gonar kaji ta gwamnati, a can ya ga yadda inji ke ƙyanƙyashe ƙwai ba tare da uwa ta kwanta a kai ba. Da gonar ta durƙushe aka sallami ma'aikata, sai ya dawo gida ya sayi gangar jikin wani tsohon firji, ya fasa shi ta ƙasa, ya sa fitilar kananzir, da kwanon ruwa, da ma'aunin zafi, ya jera faifan waya a ciki. Maƙwabta suka yi ta dariya. Ranar da 'yan tsakin farko suka fara kuka a cikin firjin, har liman sai da ya zo ya leƙa.

Wanda bai san ƙauye ba ba zai gane darajar wannan sana'a ba. Da damina zabi kan zuba ƙwai kamar ba za su daina ba, amma zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. Sai dai a sa wa kaza, kaza kuwa kaɗan take iya rufewa, sauran a kai kasuwa a sayar da arha ko su lalace. Da Yaya ya fara aiki, sai mata da maza suka riƙa kawo masa ƙwai a ƙwarya, an shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa don kada su fashe. Daga unguwannin Bungudu ake kawowa, daga Wonaka da Ruwan Bore, har daga Kucheri da Tsafe, garin matarsa Yaya Rabi. Kowane ƙwai sai ya yi masa alamar mai shi da tawada. Idan sun ƙyanƙyashe ya ɗauki kasonsa a cikin 'yan tsakin, mai ƙwai ya kwashi sauran. Babu takarda, babu shaida. Amana ce kawai jarinsa, kuma ta ishe shi shekaru masu yawa.

Ina tuna yadda yakan kira ni idan na zo hutu. Sai ya rufe tagar ɗakin injin da buhu, ya ɗauko ƙwai guda, ya manna masa tocila.

"Ma'u, duba nan. Kin ga jijiyoyi kamar saiwar gero? Kin ga ɗigon nan da ka motsi? Zuciya ce. Tun yanzu tana aikinta."

Yakan faɗi haka murya ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun ya tashi jariri. Safe da yamma yana juya ƙwan nan da hannunsa. Biki ko suna, ba ya kwana a wani gari idan akwai ƙwai a inji. Mutum ne marar yawan magana, mai saurin dariya, mai son shayi da madara fiye da ƙima. Aibinsa ɗaya da na sani, idan abu ya lalace, kansa yake fara tuhuma, kuma ba ya saurin sakin kansa.

Ana nan sai wani Alhaji daga Gusau ya kafa wurin narka tsofaffin batura a gefen hanyarmu, kusa da wani rafi. Ba zan faɗi sunansa ba. Jarida ba kotu ba ce, kuma waɗanda ya kamata su san shi sun san shi. Manyan motoci suka riƙa kawo mataccen batir na tirela da na janareta, ana fasa su da gatari, a tsiyaye ruwan a kwalbati, a narka dalmar ciki a zuba ta sanduna a kai kudu. Samari sun samu aiki, masu abinci sun samu ciniki. Idan iska ta kaɗo hayaƙin zuwa gari, mutum yakan ji wani ɗanɗano a maƙogwaro, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Mun saba da hayaƙin taya da na bola.

Bayan an narka dalma akwai wani baƙin tarkace da ke saura, mai kama da tsakuwa, mutane suka sa masa suna kashin batir. Ya taru tsibi-tsibi a bayan katanga. Sai Alhaji ya aika cewa duk mai so ya zo ya ɗiba kyauta, ya cike ramukan ƙofar gida ko ya ɗaga tsakar gida saboda taɓon damina. Wanda ya san yadda unguwannin gindin gari ke zama idan ruwa ya sauka zai gane yadda aka karɓi wannan kyauta. Da amalanke, da baro, da jaki, da tifa, aka yi ta jida. Aka yi ta sa wa Alhaji albarka har a masallaci. Yaya ma ya ɗibo, ya baje tsakar gidanmu da shi tun daga bakin zaure har gindin rijiya. Na zo na gani na yaba. Tsakar gida ta yi tsaf, ba taɓo, ba kwari. Kaji da zabi da agwagi suna ta tsattsagar ƙasa a kai, suna haɗiyar ƙananan tsakuwa kamar yadda Allah ya halicce su su yi.

Damina ta biyu bayan haka ƙwai suka fara ƙin fitowa. Baragurbi ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a, a kowane zubi akan samu 'yan kaɗan da ba su ɗauka ba. Amma wannan daban ne. Idan Yaya ya haska a makon farko sai ya ga rai, ga jijiyoyi, ga motsi. A mako na gaba ya sake haskawa sai ya ga abin ya tsaya cak, jijiyoyin sun koma wani zobe na jini. Waɗanda suka kai lokacin fita kuma, wasu sukan huda ɓawo su kasa ƙarasawa, su mutu baki a waje. Waɗanda suka fito, wani ƙafa a murɗe, wani baki a karkace ya kasa tsintar abinci, wani yana ta juyi wuri ɗaya yana faɗuwa, kwana kaɗan ya mutu. Ya fasa wasu ya nuna mini. Ba zan manta da wani ɗan zabo ba, ya yi gashi, ya yi farce, amma cikinsa bai rufe ba.

Yaya ya ce injinsa ne ya tsufa. Ya canza lagwani, ya canza ma'aunin zafi, ya daina sayen kananzir a inda ya saba. Duk wannan bai canza komai ba. Ya sayar da babur ɗinsa da wata 'yar gona da ke bakin fadama, ya tafi Kaduna ya sayo sabon inji na kamfani da ƙaramin janareta. Ranar da aka sauke injin ya yi walima, yana ta murna kamar yaro. Zubin farko ya fi na tsohon firjin muni.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, a faifai ɗaya, zafi ɗaya, hannu ɗaya ke juyawa, ƙwan da aka kawo daga Tsafe da Kucheri suna fitowa lafiya, 'yan tsaki masu kuzari. Na unguwarmu da na ƙauyukan bakin rafi su ne ke mutuwa, har da na kajinsa na gida. Yau kowa na iya ganin abin da wannan ke nufi: matsalar tana inda uwayen suke kiwo. Amma a lokacin mutane wani abu daban suka gani. Suka ga mutanen Tsafe na tafiya da kwanduna cike da 'yan tsaki, su kuma ana miƙa musu ƙwai matattu. Suka tuna cewa matarsa 'yar Tsafe ce. Daga nan magana ta tashi a bakin rijiya ta shiga kasuwa: Sanda musanya ƙwai yake yi, yana goge alama, yana bai wa dangin matarsa masu kyau, yana haɗa 'yan garinsu da ruɓaɓɓu.

Wanda ya kai ƙara wurin mai unguwa shi ne Malam Iro, abokin Yaya tun suna yara, tare aka yi musu kaciya, shi ne babban abokin ango ranar auren Yaya Rabi. Malam Iro yana da zabi da yawa, da su yake ciyar da gidansa a watannin da rumbu ya yi ƙasa, kuma shekara biyu a jere bai samu abin kirki ba. Ina Bungudu ranar da aka kira Yaya. Na tsaya daga bayan zaure tare da wasu mata, muna jin komai. Malam Iro ya dire ƙwarya a gaban jama'a, wari ya cika wurin.

"Sanda, tare munka tashi. Don Allah ka hwaɗa mani gaskiya, ina ƙwaina?"

"Ga su nan gabanka, Iro. Ga alamarka bisa kowane."

"Alama ai kai ka sa ta, kai ka goge ta. To mi ya sa na surukanka ka fita, namu ba su fita?"

Yaya ya dubi ƙwaryar. Sai ya ce, "Wallahi ban sani ba. Da na sani da na gyara."

Wannan amsa ita ta kayar da shi. Da ya yi ƙarya ya ce wata cuta ce ta zabi, ko ya ɗora wa zakaru laifi, wataƙila da an bar shi. Amma mutumin da ya fi kowa sanin ƙwai a ƙasar ya ce bai sani ba, sai jama'a suka ce ɓoyewa yake. Aka ce ya rantse. Liman ya so ya hana, ya ce a yi sulhu, hayaniya ta fi ƙarfinsa. Yaya ya tashi ya yi alwala, ya dawo ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai taɓa musanya ƙwan kowa ba. Ina jin muryarsa tana rawa. Ba tsoro ba ne. Mutum ne da ba a taɓa neman ya rantse a kan ko allura ba. Da zai fita na ji wani dattijo yana cewa, "To, mun zuba ido."

Suka zuba idon kuwa. Daga ranar ba wanda ya sake kawo masa ƙwai daga cikin gari. Mutanen Tsafe ma suka ja baya, don ba sa son a ce da su aka haɗa baki. Ba a rufe shekara ba ciwo ya kama shi. Ciki ya riƙa murɗa masa har ya kwanta yana birgima a tabarma. Ya daina jin daɗin abinci, ya rame, fuskarsa ta yi fari fat. Hannunsa na dama ya saki daga wuyan hannu, kofin shayi ma sai ya tallafe da hagu. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ya zauna yana ba da haƙuri. Mutanen gari ba su wahalar da kansu wajen neman dalili ba. Suka ce Alƙur'ani ya ci shi.

A cikin duk abin da aka yi masa, wannan ne ban iya haɗiyewa ba har yau. Hannun da ya saki shi ne hannun da ya dafa Littafi da shi, kuma aka yi ta nuna wa juna shi a sahun salla. Akwai wanda ya matsa daga kusa da shi a masallacin unguwa. Akwai matar da ta hana 'yarta ɗiban ruwa a rijiyarmu, wai gidan maci amana ne. Ita kam Allah ya kuɓutar da 'yarta ta hanyar mugun zatonta, domin daga baya an rufe rijiyar.

Na kai shi asibiti a Gusau. Aka ce gyambon ciki, aka ba da magani. Aka ce hawan jini. A ƙarshe aka ce ƙoda ce ta gaza. Ba wanda ya tambayi abin da ke shimfiɗe a tsakar gidanmu, mu ma ba mu ga dalilin faɗa ba. Da abin ya yi tsanani, Yaya Rabi ta ce ba za ta zauna ana leƙen mijinta ta katanga ana jiran a ga ƙarshensa ba. Ta kwashe shi da yara suka koma Tsafe gidan iyayenta. Ita ma ta sha nata, domin da sunanta aka ƙulla maganar tun farko.

Zuwana na ƙarshe, na same shi da la'asar a gindin bishiyar bedi, an jingina shi da filo. Kajin surukansa na yawo da 'yan tsaki a gabansa, yana bin su da ido. Na ɗauka zai yi mini wasiyya a kan yara. Sai ya ce:

"Ma'u, ina ta tunani. Ko ruwan da nika sawa cikin kwanon nan ne yay yi yawa?"

Na ce, "Yaya, don Allah ka bar wannan magana. Ba laifinka ba ne."

"To na wa ne? Ƙwai ya zo hannuna da rai, na gani da idona. Hannuna ya mutu."

Bayan mako biyu ya rasu. Ya tafi ya san bai ci amanar kowa ba, amma bai tafi da yaƙinin cewa ba sakacinsa ne ya kashe 'yan tsakin mutane ba. Daga Bungudu liman ne ya zo gaisuwa, da 'yan uwa na jini, da wata tsohuwa mai ƙosai da ta ce ita dai ba ta taɓa yarda ba.

Gaskiya ta zo bayan shekara biyu, kuma ba don zabi ta zo ba. Yara ƙanana ne suka fara suma da jijjiga a unguwannin gindin gari, wasu suka rasu, wasu suka tashi ba su ƙara zama daidai ba. Sai ga ma'aikatan lafiya da wata na'ura da suke mannawa a ƙasa. Duk gidan da aka baje kashin batir, na'urar ta nuna dalma. Tsakar gidanmu na cikin waɗanda suka fi muni. A cikin tawagar akwai wani likitan dabbobi, dattijo mai natsuwa. Na ba shi labarin Yaya muna tsaye a ƙofar ɗakin injin. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini bayani. Tsuntsu yana haɗiyar tsakuwa don ta niƙa masa abinci, in tsakuwar dalma ce sai ta narke a cikinsa ta shiga jini. Uwa tana iya yawo kamar lafiyarta lau, amma tana zuba gubar a cikin ƙwan da take yi. Ɗan tsakon da ke ciki ba shi da wani abinci sai abin da uwar ta ajiye masa, ba shi kuma da inda zai gudu. A lokacin da jini da ƙwaƙwalwa da ƙashi ke haɗuwa gubar ke samunsa, shi ya sa yake fara rayuwa ya tsaya, ko ya fito a nakashe. Ya ce sau da yawa tsuntsaye ne ke fara nuna cewa ƙasa ta gurɓace, tun kafin abin ya bayyana a jikin mutane.

Na tambaye shi ko abin da ya kashe Yaya ke nan. Ya ce ba zai iya yanke hukunci a kan wanda ba a auna jininsa ba, amma murɗar ciki da sakin hannu da ciwon ƙoda duk dalma na kawo su, kuma mutumin da ya wuni yana sharar wannan tsakar gida yana cin ƙwan kajinta ya shaƙi rabonsa. Ni ma a nan na tsaya. Ba na cewa na tabbata. Abin da na tabbata shi ne, shekara biyu cur ƙwai suna mutuwa a hannun yayana suna faɗa wa gari cewa akwai guba a ƙasa, gari kuma ya zaɓi ya ce mutumin ɓarawo ne. Da an tsaya an yi tambaya ɗaya a zauren nan, a ce me kajinmu ke ci wanda na Tsafe ba su ci, da wataƙila yaran da aka binne daga baya suna nan sun girma.

An kankare tsakar gidaje, an kwashe ƙasar an kai wani rami an binne. Wurin narka batir kuwa, wata safiya aka wayi gari an kwance injuna an tafi da su. Ba a gurfanar da kowa ba. Ba wanda ya tsaya a masallacin da aka sa wa Alhaji albarka ya ce an yi kuskure. Shi Alhajin yana nan da ransa, ya ƙara ƙiba, ana kiransa uban taro a bukukuwan saukar karatu, da azumi ana layi a ƙofarsa. Yanzu babbar sana'arsa gonar kaji ce, a wani fili mai nisa da inda ya zubar da tarkacensa. Ya san inda ya dace kaji su yi kiwo. Kiret-kiret ɗin ƙwansa ake sayarwa a shagunan unguwarmu a Gusau. Na hana a shigo mini da su gida, yarana suna ganin rigimar tsufa ce.

Malam Iro ya je Tsafe sau ɗaya, bayan jikarsa ta kamu, ta tashi ba ta magana. Yaya Rabi ta ba ni labari. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana kuka, yana neman gafara. Ta ce masa, "Malam Iro, ni ba ka yi mani komi ba da ba ni iya yahewa. Amma gaban jama'a ka tozarta shi. Koma gaban jama'ar ka wanke shi." Ya ce zai yi. Bai yi ba har ya rasu. Na yi ƙoƙarin in ji haushinsa shi kaɗai, na kasa. Talaka ne da aka kashe wa abin ciyar da iyali, ya waiga ya kama wanda ya fi kusa da hannunsa. Wanda ya yi ɓarnar yana bayan katanga mai tsawo, shi kuwa Sanda ƙofarsa a buɗe take.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Zai yi mamakin injunan ƙyanƙyasa masu aiki da hasken rana, waɗanda ke juya ƙwai da kansu. Na san zai tsuguna a gaban ɗaya ya wuni yana kallo. Zai yi baƙin cikin ganin ƙauyukan da ke kawo masa ƙwai, da yawansu sun watse saboda 'yan bindiga, zabin ma an kwashe ko an bar su a daji. Hanyar Tsafe da yake bi a babur ba tare da fargaba ba, yanzu sai mutum ya tambayi labarin hanya kafin ya shiga mota. Rabona da ziyartar kabarinsa an daɗe. Amma abin da zai fi tayar masa da hankali shi ne, aikin da aka kora daga bakin rafi bai mutu ba, rarrabuwa ya yi. A bayan tashoshi da lungunan 'yan gwangwan za ka ga ana fasa batir a fili, ana narka dalma a tukunya, kaji na tsattsaga a cikin tokar, mai abinci na gefe tana zuba miya. Na taɓa tsayawa na yi wa wasu magana. Babbansu ya ce, "Hajiya, yunwa ta fi hayaƙi saurin kisa." Ban ce ƙarya yake ba.

Na kuma san da yana raye da tuni ya yafe. Da ya je gaisuwar Malam Iro, da ya karɓi ƙwai daga hannun waɗanda suka matsa daga kusa da shi a sahu. Wannan halin nasa ina ƙaunarsa, kuma yana ba ni haushi. Ni ban kai shi ba, ba na kuma riya cewa na kai.

Me ya rage na Yaya Sanda? 'Ya'yansa sun girma a Tsafe, ba ɗaya da ya gaji sana'ar, uwarsu ta hana. Gidanmu na Bungudu an sayar. Na ɗauka aƙalla sunansa ya huta, tunda ƙasa ta ba da shaida. Watan jiya na je kasuwar Bungudu sayen kayan miya. Ina tsaye gaban wata matashiya mai tattasai, sai ga wata ta dawo da leda a fusace, wai ta zaɓi masu kyau an ƙulla mata ruɓaɓɓu. Ta ce, "Ke, kada ki yi mani ta Sanda!" Matan wurin suka kwashe da dariya. Da rigimar ta lafa na tambayi mai tattasan wane ne Sanda.

Ta ce, "Wallahi Hajiya ban sani ba. Haka munka tashi munka ji ana cewa, in mutum ya yi musanya."

Na ajiye jakata na ba ta labarin tun daga farko, a tsaye, cikin rana. Ta saurara da ladabi. Da na gama ta ce, "Allah sarki. Allah shi jiƙan shi." Sannan ta tambaye ni na nawa za ta zuba mini.

Wannan shi ne abin da garinsu ya adana masa. Mutumin da bai taɓa cin tsinken kowa ba, sunansa ya zama kalmar ha'inci a bakin yaran da ba su taɓa ganinsa ba, kuma ba na jin rubutun tsohuwar malama a jarida zai iya cire shi daga harshen kasuwa. Duk da haka ina roƙon wanda ya karanta wannan, in ya ji an faɗi kalmar, ya tsaya ya ce: Sanda bai musanya ba. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya, ya saka maka a ranar da ba a buƙatar rantsuwa.